Salsalar Idon Kyamara: Daga Jamus Zuwa Shagunan Hoto na Suleja

Duk wanda ya san tarihin Suleja ya san cewa sauya suna ba ya sauya asali. Garin da Abu Ja ya kafa a 1828 ya daɗe yana amsa sunan Abuja kafin babban birnin tarayya ya karɓe shi, amma har yau Sarkin Zazzau ake kiran sarkinsa. Wannan muƙala za ta nuna cewa haka abin yake ga idon kyamara, wato jerin ƙwayoyin gilashin nan da ke tattara haske su jefa shi a kan fim. Tsofaffin kyamarorin da masu hoto suka ci kasuwa da su kafin zuwan wayar salula, irin su Yashica da Zenit, sunayensu na Japan da Rasha ne, amma idanunsu 'yan gidaje ƙalilan ne.

Matsalar da aka fara fama da ita ita ce, gilashi ɗaya tilo ba ya ba da hoto mai kyau. Gefe ya dushe, launuka su rabe. A 1893 wani Bature ɗan Ingila, Dennis Taylor, ya jera gilasai uku, biyu masu tattara haske da ɗaya mai warwatsa shi a tsakaninsu, kowanne yana gyara kuskuren ɗan'uwansa. Wannan shi ne Cooke Triplet, kakan idanun kyamarori masu araha.

A 1902 Paul Rudolph na kamfanin Zeiss da ke Jena a Jamus ya fito da Tessar mai gilasai huɗu, biyun ƙarshe a manne. Saboda kaifinsa har kirari aka yi masa da idon gaggafa. Idon Yashinon da ke jikin Yashica-Mat, kyamarar nan mai ido biyu da ake leƙawa ta sama, a kan tsarin Tessar aka gina shi. Saboda haka idan ka ga tsohon hoton ango da amarya wanda har aikin wuyan riga ya fito zare-zare, ba mamaki jikan Tessar ne ya ɗauke shi.

Gida na uku ya fi ban sha'awa. Tun 1896 Rudolph ya ƙera Planar mai gilasai shida, rabin gaba da na baya suna kallon juna. Sai dai bai yi kasuwa ba, domin duk inda haske ya ratsa tsakanin iska da gilashi, kusan kashi 4 cikin ɗari nasa kan koma baya, shi kuwa Planar yana da irin waɗannan fuskoki har takwas. Hoto sai ya fito kamar an ɗauke shi cikin hazo. Wannan ya sa Ludwig Bertele ya manne gilasai da yawa wuri guda ya samar da Sonnar, wanda ya yi tashe daga 1932. Da Alexander Smakula ya gano dabarar shafa wa gilashi wani siririn sinadari mai hana haske komawa a 1935, sai zuriyar Planar ta farfaɗo. Sabbin kyamarori masu madubi a ciki ma suka taimake ta, don Sonnar mai milimita 50 yana matsowa kusa da fim ainun, ba ya bar wa madubin wurin ɗagawa.

To, yaya suka zama na Rasha? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Tarayyar Sobiyat ta kwashe injuna da zane-zanen Zeiss a matsayin diyya. Tessar dama ya riga ya amsa sunan Industar tun kafin yaƙin, Sonnar ya zama Jupiter, shi kuwa Biotar na 1927, ɗan gidan Planar, ya zama Helios-44 mai milimita 58, wanda ke zuwa da Zenit. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Helios yana da wani hali na murɗa bayan hoto, ganyaye su zagaye mutum kamar guguwa. A da aibu ne. Yau masu shirya finafinai nemansa suke yi saboda shi. A ganina, kafin magada su sayar wa 'yan gwangwan da akwatin tsohon mai hoto, ya kamata su kwance idon su daga shi sama su duba. Muddin babu fumfuna a ciki, da ɗan zoben haɗi kawai zai hau kyamarar zamani ya ci gaba da aiki.