Wasan Hyrule Warriors da darasin tsaron gari da Wurno ta daɗe da sani

A ranar 6 ga Nuwamban 2025 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Hyrule Warriors: Age of Imprisonment, wasan bidiyo inda jarumi ɗaya ke kutsawa cikin ɗaruruwan abokan gaba da takobi yana kaɗe su kamar ana girbin gero.

Wasan reshe ne na jerin The Legend of Zelda, kuma shi ne na uku. Na farko ya fito a 2014, na biyu, Age of Calamity, ya biyo baya a 2020, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 4.

A sabon, Gimbiya Zelda da Sarki Rauru ne ke haɗa kan ƙabilu domin tunkarar Ganondorf, sarkin shaiɗanu.

Asalin salon

Kamfanin Koei Tecmo, wanda Nintendo ke haɗa gwiwa da shi, shi ne mai wannan salo da ake kira Musou, wato "marar tamka". Ya kafu ne a 2000 da wasan Dynasty Warriors 2, wanda aka gina kan wani littafin China na ƙarni na 14 da ke ba da labarin yaƙin masarautu uku.

Mai kallo zai ɗauka sara da suka ne kawai, amma akwai lissafi. Filin daga cike yake da sansanoni, kuma wanda ya kama sansani, daga nan dakarunsa ke fitowa. Idan mai wasa ya shagala da kisa har babban sansaninsa ya faɗi, ya sha kaye ko da ya hallaka dubu.

Sai mai hali

A kan na'urar Switch 2 kaɗai sabon wasan ke aiki, kuma kusan dala 450 aka sa mata da ta fito a Amurka, wato sama da naira 600,000. Kuɗin ya haura albashin wata takwas na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Saboda haka hanya mafi sauƙi ga matashi a Goronyo ko Rabah ita ce wayar Android da manhajar PPSSPP, wadda ke buɗe tsofaffin wasannin PSP, ciki har da Dynasty Warriors da Warriors Orochi. Da zarar wasan ya shiga waya, ba ya buƙatar data, sai dai caji.

Ribaɗin Wurno

Dabarar riƙe sansani ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kare Daular Usmaniyya ne ta hanyar kafa ribaɗi, wato garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, inda mayaƙa ke zaune da iyalansu, suna noma suna gadi.

Wurno na cikin manyan irin waɗannan garuruwa. Can Bello ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, can ya rasu a 1837, kuma can kabarinsa yake.

Shekara guda kafin rasuwarsa ya jagoranci yaƙin Gawakuke, inda ya ci rundunar haɗin gwiwar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Dawakai da lifidi da sulke da 'yan baka, duk abin da masu ƙera irin wannan wasa ke nema yana cikin tarihin.

Sai dai mayar da shi wasa ba ƙaramin abu ba ne. Jikokin ɓangarorin biyu suna zaune tare a yau, daga Wurno har Sabon Birnin Gobir, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Shugabannin jihadi kuwa mutane ne da ake girmamawa ta fuskar addini. Wa za a sa a matsayin abokin gabar da za a sassara? Masu Zelda sun huta da wannan tambaya, domin dodanni suka ƙirƙira.

Inda yaƙi ba wasa ba ne

A gabashin Sakkwato, hari ba a fuskar waya kaɗai ake ganinsa ba. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda 'yan bindiga. A watan Oktoba na shekarar aka afka wa kasuwar Goronyo, aka kashe mutum sama da 40.

Don haka ba abin mamaki ba ne uba ya ɗaure fuska idan ya ga ɗansa yana ƙirga gawarwaki a waya. Su kansu masu tantance wasanni a Amurka sun ware jerin Hyrule Warriors ne ga 'yan shekara 13 zuwa sama.

Ga iyayen da suka tarar da wasan a wayar yaro, akwai abin yi ban da ƙwace ta. Su zauna su tambaye shi me ya sa ya faɗi alhali ya fi kowa kisa. Amsar, cewa ya bar gida ba tsaro, ita ce ƙofar ba shi labarin dalilin da ya sa aka gina Wurno.