Man Kwarin Sakkwato: Gwajin da ke tantance ko rijiya za ta biya kuɗinta

Duk lokacin da aka tada zancen man fetur a Kwarin Sakkwato, abin da mutanen Tambuwal da Kebbe ke tambaya shi ne yaushe za a fara haƙa. Su kuwa injiniyoyi, abin da ya fi damunsu shi ne irin man da za a tarar.

Yankin na cikin babban kwarin Iullemmeden, wanda ya ratsa Najeriya da Nijar da Mali da Benin. Sunayen shimfiɗun duwatsunsa ma na gida ne: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina da Gwandu. A 2017 gwamnan lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya kai ziyara kamfanin NNPC kan batun binciken, sannan dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na ribar da kamfanin ke samu daga yarjejeniyoyin haƙar mai don bincike a irin waɗannan yankuna. Har yanzu dai ba a fara haƙo mai a kwarin ba.

Ko da an dace, babu kamfanin da zai zuba kuɗi sai ya kwaikwayi ma'adanar man a kwamfuta, da manhaja irin Eclipse, ya ga ganga nawa za ta bayar cikin shekaru. Manhajar kuwa ba ta san komai ba sai abin da aka ba ta, kuma cikin abin da ake ba ta akwai bayanan PVT, wato yadda man ke sauyawa da matsi da zafi.

Ɗanyen mai a ƙarƙashin ƙasa kamar lemon kwalba ne da ba a buɗe ba: gas na narke a cikinsa. Idan matsi ya sauka zuwa wani mataki, gas ɗin zai fara fita kumfa-kumfa, man ya ƙanƙance ya yi kauri. Shi ya sa abin da ya kai ganga 1.3 a ƙasa kan iya zama ganga ɗaya idan ya iso tanki. Wanda ya manta da wannan ya ƙirga man da babu shi.

Ana zura wata kwalbar ƙarfe cikin rijiya a ɗebo samfur da matsinsa. Idan gas ya riga ya tsere, ko taɓon haƙa ya gauraya da man, gwajin ya lalace tun daga tushe. A ɗakin gwaji ana rage matsin sannu a hankali, ana auna gas ɗin da ya fita da kaurin abin da ya rage, sai a daidaita alƙaluman da yanayin na'urar da ke raba mai da gas a bakin rijiya.

Inda babu samfur, akan yi aro da lissafin da aka yi a wani wuri, kamar na Standing na 1947, wanda aka gina kan man Kalifoniya ta Amurka. Aron na da haɗari. Man Agadem da ke ciyar da matatar Damagaram tun 2011 daga wani kwari dabam yake fitowa, haka ma na Kolmani da ke iyakar Bauchi da Gombe. Alƙalumansu ba za su zama na Sakkwato ba, sai ranar da rijiyar gwaji ta fito da samfurin farko daga ƙasar yankin.