Rumbun Zumunta: Mu Yi Tanadi Tun Da Kaka

Ƙasarmu ta Doguwa da Tudun Wada tana samun ruwan sama fiye da arewacin Jihar Kano, masara da dawa kuma suna yi mana kyau. Duk da haka, in watan Yuli da Agusta suka zo, gidaje da yawa sukan rasa abin ɗorawa a wuta. Me ya kawo wannan?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da kaka kowa yana neman kuɗi: na makaranta, na biyan bashin taki, na suturar Kirsimeti. Sai mu kai hatsi kasuwa a lokaci ɗaya, farashi ya faɗi. 'Yan kasuwa su saya su loda zuwa Dawanau su ajiye. Da damina ta yi tsaka sai mu koma mu sayi hatsin nan da tsada. Wanda ba shi da kuɗi yakan bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani. Kafin ya dawo ciyawa ta ci tasa, amfanin bana ya ragu, baɗi kuma ya sāke shiga wannan hali. Gwauraye da tsofaffi da marasa lafiya su ne suka fi shan wuya.

Maganin da ekklesiya za ta iya yi da hannunta shi ne rumbun zumunta. Wannan ba baƙon abu ba ne. A Farawa sura 41 mun ga yadda Yusufu ya tara hatsi a Masar a shekarun ƙoshi saboda shekarun yunwa. Iyayenmu da suka ga farin 1973 sun san cewa gidan da ya tsira shi ne mai tsohon hatsi a rumbu.

Ga yadda ake kafa shi.

Na ɗaya, tarawa. Bayan sujadar godiyar kaka, kowane gida ya kawo abin da aka yarda a kai. A ce gidaje 40 ne, kowa ya kawo tiya 5. An sami tiya 200 ke nan, wato wajen buhu 5. Wannan dabam yake da zakka da baiko, kada a gauraya su.

Na biyu, gonar gayya. A ware gona ɗaya, zumuntar matasa da maza su yi mata shuka da noman fari da maimai, zumuntar mata su taimaka wajen girbi da sussuka. Abin da aka samu ya shiga rumbu. A kuma sa rana ɗaya a mako, a lokacin noman fari, da za a je gonar gwauruwa ko mara lafiya. Gayyarmu ba ta neman mai gona ya dafa kome. Kowa ya zo da fartanyarsa da ɗan abincinsa, a fara da addu'a, a ci tare a gindin itace. Ciyawar da aka bari a makonni shida na farko ita ce ta fi rage amfanin masara, saboda haka taimakon safiya ɗaya a kan kari ya fi buhun da za a kai daga baya.

Na uku, ajiya. Hatsi ya bushe sarai kafin a ɗura. Ku zuba ɗan hatsin da busasshen gishiri a kwalba, ku rufe, ku girgiza. In bayan ɗan lokaci gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi. Buhun PICS mai ciki uku, wanda aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, yana hana iska shiga, ƙwari su mutu ba tare da magani ba. A ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango, saboda gara da ɓera.

Na huɗu, masu riƙo. A Ayyukan Manzanni sura 6 gunaguni ya tashi domin ana tsallake waɗansu gwauraye wajen rabo, sai aka zaɓi mutum bakwai amintattu. Mu ma mu zaɓi mutum biyar ko bakwai, da mata a ciki, gama su ne suka san gidan da bai hura wuta ba. A sa kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu. A rubuta kowace tiya a littafi, a karanta lissafin a gaban jama'a. Kada a ɗora wa Fasto makulli, domin a tsare sunansa daga zargi.

Na biyar, rabo. Kada a buɗe rumbu kafin Yuli. Mai ƙarfi ya ara, ya mayar da kaka. Wanda ba ya iya noma a ba shi kyauta. Abin da ya fi rushe irin wannan rumbu shi ne ramce da ba a biya, da kunyar tambayar babban mutum. Doka ɗaya ce ga dattijo da yaro.

Kada kuma mu tsaya ga 'yan ekklesiya kaɗai. Rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, kasuwa ɗaya muke ci. A ware kashi domin duk mabukaci a ƙauye, ba tare da sharaɗi ba. A sanar da mai unguwa tun farko, don kada a yi wa aikin wata fassara.

Ku kawo maganar a taron ƙungiyarku na gaba, tun masara tana gona. Ko da buhu biyu ne a fara. Allah ya ba mu damina mai albarka.