Sikila Ba Daga Gidan Uwa Kaɗai Take Zuwa Ba

Akwai maganar da na gaji da ji, daga Kwanar Dangora har Doguwa. Yaro tun yana goye hannuwansa da ƙafafunsa su kumbura, ido ya yi rawaya, asibiti su ce sikila ce, sai dangin miji su taso wa uwar: “Mu dai babu wannan ciwo a zuri'armu, daga gidanku aka kwaso.” Wata a yi mata kishiya, wata a miƙa mata takardarta da mara lafiya a bayanta.

Bayanin gajere ne. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu siraran zaruruwa 46 da ake kira kuromosom, su ke ɗauke da gadon kama da na jini. Tun 1956 aka tabbatar da adadinsu. Bibbiyu suke, jeri 23, kamar takalma: ƙafa ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa. Maniyyi ya zo da 23, ƙwan mace ya zo da 23. Wannan zaman bibbiyu shi masana ke kira difloyid, kuma ba mu kaɗai ba ne: masarar Doguwa 20 gare ta, shinkafar Tudun Wada 24.

To, gadon sikila a jeri na 11 yake. Kafin yaro ya zama SS, wato mai sikila, sai ya karɓi gadon S daga uwa, ya karɓi wani S ɗin daga uba. Babu wata hanya. In uban AA ne, wato ba shi da S ko ɗaya, ko 'ya'ya goma sha biyu suka haifa ba za a sami SS ko ɗaya ba. Sai uban ya ce ai shi garau yake, yana wuni a gona bai taɓa kwanciya ba. Gaskiya ne, domin mai AS, wato mai S ɗaya kawai, yawanci ba ya ciwon, ɗauke da shi kawai yake. Ita ma matar haka take, garau. Me ya sa lafiyarsa ta wanke shi, tata ba ta wanke ta ba? Kuma in amaryar da ya ƙaro ita ma AS ce, an koma gidan jiya.

Wasu sun ji an ce in AS ya auri AS, “ɗaya cikin huɗu” ne zai fito SS, sai suka ɗauka in an haifi mai sikila guda, ukun da za su biyo baya sun tsira. Kowane ciki da nasa lissafin, ana iya jera uku masu ciwon. Haka ma gorin haihuwar 'ya'ya mata: uwa kuromosom X kawai take bayarwa, uba ne ke ba da X a haifi mace ko Y a haifi namiji, shi ma ba da zaɓinsa ba.

Tun 2024 gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano, har da gwajin rukunin jinin nan. Amma don Allah a daina bari sai an sa rana, an kai lefe, sannan a tafi asibiti. A lokacin kowa kunyar fasawa yake ji. A yi tun ana zance. A maimaita a wuri na biyu, domin ana samun kuskure. Wanda aka ƙara wa jini ya jira wata uku. Mai rukunin jinin AC ma ya yi hattara da mai AS. Waliyyi ya karɓi takardar ya duba da idonsa, kuma masu sayen ta bogi su ji tsoron Allah.

Waɗanda suka riga suka haifa kuwa, a riƙa ba yaron ruwa sosai, ya kwana a gidan sauro, a lulluɓe shi da hunturu, kada a yi wasa da maganin da likita ya rubuta. Zazzaɓi in ya taso, a nufi asibiti a ranar, kuma uban ya bi su.