Ga maharba a daji, babu su a gasa: yadda wasan harbi yake a Olamfik

LIBREVILLE. A ranar 30 ga Yulin 2024 wani Baturke mai shekara 51, Yusuf Dikeç, ya tsaya a filin harbi na Châteauroux, kusan kilomita 270 kudu da Paris, da 'yar riga mai gajeren hannu da gilashin ido irin na kowa, hannunsa ɗaya a aljihu. Shi da abokiyar wasansa Şevval İlayda Tarhan suka ci lambar azurfa bayan 'yan Sabiya sun doke su da 16 da 14. Hotonsa ya zagaya wayoyin duniya, har na 'yan kasuwar Mont-Bouët, kuma da yawa sun ɗauka gadara ce ta sa shi cusa hannu a aljihu. Dokar wasan ce ta ce da hannu ɗaya ake riƙe ƙaramar bindiga, ɗayan kuwa a nema masa wurin da ba zai motsa ba.

Ga Bahaushen yau kalmar bindiga ba ta da daɗin ji. Wanda ke zaune a Libreville ko Oyem ko Bitam, yana jin labarin gida daga Zamfara da Katsina da Maraɗi, ya san abin da "'yan bindiga" ke nufi a rediyo. Amma kafin kalmar ta ɓaci, 'yan bindiga su ne masu sakin albarushi a gaban sarki ranar hawan salla, maharba kuma masu sana'a ne da sarkinsu da kirarinsu. Harbin gasa, wanda Faransawa ke kira tir sportif, ya fi kusa da waɗannan, sai dai shi ba a kashe komai a cikinsa. A Olamfik ta 1900 a Paris an harbi tantabaru masu rai, aka kashe kusan 300, kuma ba a sake ba.

Wasan na cikin Olamfik tun ta farko a Atina a 1896. A 2024 an raba lambobin zinare 15 a rukuni uku: doguwar bindiga, ƙaramar bindiga, da bindigar farauta da ake harbin faifai a sama.

Rukunin da ya fi ba da mamaki shi ne na doguwar bindigar iska. Babu albarushi a cikinta. Matsattsiyar iska ce ke tura ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. Maharbi na tsaye mita 10 daga allon bara, ɗigon tsakiya kuwa, wanda ke ba da maki goma, faɗinsa rabin milimita ne, wato kamar ɗigon aya a ƙarshen wannan jimla. Gwanaye sun kai inda kusan kowane harbinsu goma ne, har ta kai ana raba goman kanta, daga 10.0 zuwa 10.9, na'ura ce ke aunawa. Harbi 60 ake yi cikin minti 75, mutum takwas na sama su shiga zagayen ƙarshe, a riƙa cire na ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

A irin wannan ma'auni abokin gabar maharbi jikinsa ne. Numfashi na ɗaga kafaɗa, bugun zuciya na girgiza bakin bindiga, ɗan yatsan da ya ja kunama da gaggawa ya karkatar da komai. Shi ya sa masu doguwar bindiga ke sa riga da wando masu tauri kamar kirgi, suna tafiya tiƙis-tiƙis, kuma alƙalai na auna taurin kayan don kada rigar ta riƙe mutum fiye da kima. Shi ya sa ma maguɗin wannan wasa ya saɓa da na sauran. Ɗan tsere na neman abin da zai zaburar da shi, maharbi na neman abin da zai kwantar da shi. A Beijin a 2008 an ƙwace lambobi biyu daga Kim Jong-su na Koriya ta Arewa saboda propranolol, maganin da likitoci ke ba masu hawan jini, mai rage bugun zuciya da rawar hannu.

Ko da jiki ya natsu, hankali na iya kuɓucewa. A Atina a 2004 Matthew Emmons na Amurka yana kan gaba da tazara mai yawa, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinare, sai ya auna allon maƙwabcinsa. Aka rubuta masa sifili, ya koma na takwas.

Rukuni na uku ne ya kamata ya ja hankalin mutanen Gabon. Bindigar da ake harbin faifai da ita kalibar 12 ce, irin wadda mafarautan ƙauyukan Woleu-Ntem da Ogooué-Ivindo ke saɓawa su shiga kurmi. Na'ura ke cilla faifai mai faɗin santimita 11, a wani nau'in da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa, kuma faifai 125 ake harba kafin zagayen ƙarshe. Sai dai mafarauci sanɗa yake yi, ya jira dabba ta tsaya, ya saki harsashi ɗaya don ya san kuɗinsa. Ɗan gasa kuwa dubban harsasai yake ƙonawa a atisaye kafin ya fara jin ƙanshin gasa, kuma ba a mayar da nama gida.

A nan ne maganar ta koma ta kuɗi da takarda. A Paris babu maharbi ko ɗaya a tawagar Gabon, haka ma ta Nijar da Najeriya da Kamaru. Lambar Olamfik ɗaya tilo da Gabon ke da ita Anthony Obame ne ya ciyo ta a taikwando a Landan a 2012, kamar yadda Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a wasan a 2016. Taikwando tabarma yake buƙata da malami. Sabuwar bindigar iska ta gasa kan haura yuro 2,000, wato sama da sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, kafin a zo kan riga da dalma da izinin shigo da ita ta kwastan. Sannan gurbin Olamfik ba a sayensa: ana cin sa ne a gasannin da hukumar harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a Munich, ta amince da su, har da gasar zakarun Afirka, ko kuma ta 'yan guraben gayyata da ake ware wa ƙasashe masu ƙananan tawaga. Duk ta inda aka bi, sai ƙasa na da ƙungiyar harbi mai rajista da 'yan wasan da aka riga aka gani a fili. Masar ta yi wannan aikin: Alƙahira ta karɓi gasar duniya ta doguwa da ƙaramar bindiga a 2022, shekarar da ɗanta Azmy Mehelba ya zama zakaran duniya a harbin faifai.

Wata ƙofar ta rufe daidai lokacin da Gabon ta iso bakinta. Ƙasar ta shiga ƙungiyar Kwamanwelz a Yunin 2022, wata guda kafin wasannin Birmingham, waɗanda aka cire harbi daga cikinsu duk da kurarin ƙauracewa da Indiya ta yi. Jerin wasanni goma na Glasgow 2026 ma babu shi. Wasannin haɗin kan ƙasashen Musulmi, waɗanda Gabon ke da kujera a cikinsu a matsayinta na mamba a ƙungiyar OIC tun 1974, sun yi harbi a Konya a 2022.

Harbin faifai na buƙatar fili mai faɗi da na'urori da harsasai masu tsada, kuma da wuya gwamnatin da ke sa ido a kan makamai ta sake masa hannu. Bindigar iska ba haka take ba. Ɗaki mai tsawon mita goma sha biyar, da haske mai kyau, da farantin ƙarfe a bayan takarda sun isa a fara, kuma bindiga ɗaya na iya zagaya ɗalibai goma, maza da mata, tunda tun Tokyo adadin gasar mata ya yi daidai da na maza. Makarantar sakandare a Nzeng-Ayong ko Akébé ba za ta rasa irin wannan ɗakin ba. Olamfik ta gaba a Los Angeles take, a Yulin 2028.