Rigar nutso: Abin da iyaye za su duba kafin su shiga Bahar Maliya da yara

A watan Agusta zafin rana a garin Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar kan kusanci digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, ruwan tekun kuma yana kaiwa digiri 28. Duk wanda ya tsoma ƙafa a bakin gaɓa zai ji kamar ruwan wanka ne da aka sirka.

Wannan ɗumin shi ke yaudarar iyalan da suka je hutu da niyyar yin nutso da tukunyar iska don kallon kifaye da duwatsun murjani. Sai su ɗauka gajeren wando da singileti sun wadatar, ko su karɓi duk rigar da aka miƙo musu ba tare da gwadawa ba. Kafin a yi rabin sa'a a ƙarƙashin ruwa, yaro ya fara makyarkyata.

Me ya sa ake jin sanyi a ruwa mai ɗumi?

Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, don haka ruwa mai digiri 28 yana ƙasa da shi da digiri 9. Ruwa kuma yana zuƙe zafin jiki fiye da yadda iska ke yi har ninki 20 ko sama da haka.

Nutso ɗaya kan ɗauki minti 45 zuwa sa'a guda, kuma yawanci ana yin biyu a yini. Mai nutso ba ya motsa jiki sosai kamar mai ninƙaya, lumfashi kawai yake yi yana tafiya a hankali. Idan aka jera kwana uku ko huɗu ana shiga, sanyin taruwa yake yi.

Yara sun fi shan wahala, domin faɗin fatarsu yana da yawa idan aka kwatanta da nauyin jikinsu, shi ya sa zafi ke saurin fita daga gare su. Mutum siriri ma haka. Matsalar ta wuce rashin jin daɗi: wanda sanyi ya kama yana saurin shanye iskar tukunyarsa, yatsunsa su yi nauyi, hankalinsa ya bar kan umarnin mai koyarwa.

Yadda rigar ke aiki

Ana yin rigar nutso da wata roba mai suna niyofirin, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1930. Wani masanin kimiyya a Jami'ar Kalifoniya, Hugh Bradner, shi ake dangantawa da fara yin irin wannan riga a farkon shekarun 1950.

Robar cike take da ƙananan kumfa na iska, su ne ke tare zafin jiki. Ruwa kaɗan yana shiga tsakanin fata da rigar, jiki ya ɗumama shi, ya zauna a nan. Idan rigar ta yi yawa, sabon ruwa zai riƙa shiga ta wuya yana fita ta ƙafa, yana tafiya da ɗumin.

Saboda haka riga mai araha da ta zauna daidai a jiki ta fi mai tsada da ta yi burum-burum.

Wane kauri ya dace?

Ana auna kaurin rigar da milimita, kuma watan da za ku yi tafiya shi zai nuna muku wanda za ku nema.

A arewacin Bahar Maliya, wato Sharm el-Sheikh da Hurghada da Dahab, ruwa yana kaiwa digiri 27 zuwa 29 tsakanin Yuli da Satumba, lokacin dogon hutun makarantu a Najeriya. A nan doguwar riga mai milimita 3 ta ishi yawancin mutane.

A hutun Disamba ruwan ya fara sanyi, yana kusan digiri 23 zuwa 24. A Fabrairu da Maris yakan sauka zuwa 21 ko 22. Wannan lokacin na milimita 5 ne, mai saurin jin sanyi ya ƙara da hular roba.

Idan kuka ga an rubuta 3/2 a jikin riga, ana nufin milimita 3 a ƙirji da baya, 2 kuma a hannuwa da ƙafafu don sauƙin motsi.

Zurfi ma yana rage ƙarfin rigar. A mita 10 matsin da ke kan jiki yana ninka na saman ruwa sau biyu, kumfan robar su matse, rigar ta ƙara sirancewa.

Gajeriya ko doguwa?

Gajeriyar riga, mai tsayawa a gwiwa da damtse, tana da sauƙin sawa. Amma doguwa, wadda ta kai wuyan hannu da idon sawu, tana kare fata daga ƙunar rana a kan jirgi, da kuma wani nau'in murjani da ke Bahar Maliya wanda ke sa raɗaɗi kamar wuta idan ya taɓa fata. Ga yaron da bai ƙware wajen daidaita jikinsa a ruwa ba, doguwar ta fi.

Matan da ke son cikakkiyar sutura za su ga doguwar ta rufe jiki, sai dai tana ɗamewa. Ana iya ɗora rigar ninƙaya mara nauyi da ta sauko cinya a kanta, a sa hular roba a madadin mayafi. A guji duk wani tufafi mai yawo a ruwa, domin yana iya sarƙewa da bututun iska.

Gwaji kafin biya

Rigar ta manne a wuya da wuyan hannu da idon sawu, ba tare da ta shaƙe ba. Kada a bar rami a hammata, ko a bayan ƙugu, ko a bayan gwiwa. Mai gwadawa ya ɗaga hannuwa sama, ya tsuguna, ya ja dogon numfashi. Idan numfashin ya yi wuya, ta yi kaɗan.

Kada ku saya wa yaro babba da nufin ya girma a cikinta, kamar yadda ake yi da kayan sallah. Wannan dabarar ba ta aiki a nan.

Ƙungiyar PADI mai horar da masu nutso tana barin ɗan shekara 8 ya gwada a zurfin da bai wuce mita 2 ba. Daga shekara 10 zai iya samun takardar shaidar yara, amma ba zai wuce mita 12 ba sai ya cika 12.

Saye ko haya?

Ga hutun mako ɗaya, haya ta fi sauƙi, musamman ga yaran da ke girma. Sai dai ba kowace cibiyar nutso ke da ƙananan riguna ba, kuma tsohuwar roba da ta sha matsi ba ta riƙe ɗumi kamar sabuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: ku aika wa cibiyar tsawo da nauyin kowa tun kuna gida.

Riga mai kauri tana ɗaga mutum sama, gishirin Bahar Maliya kuma ya fi na yawancin tekuna yawa. Don haka mai koyarwa zai ƙara dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu, ya gwada ku a ruwa mara zurfi tukuna.

Idan kun sayi taku, ku ɗauraye ta da ruwan famfo bayan kowane nutso, ku shanya a inuwa.

A kan jirgi kada yaro ya daɗe a rana cikin riga a zuge, kuma ya riƙa shan ruwa. A cikin teku kuwa, yara kan ɓoye jin sanyi don kada a fitar da su. Ku koya musu alamar da masu nutso ke yi, wato rungume ƙirji da shafa damatsa. Da zarar yaro ya yi ta, ko kuka ga yana rawar ɗari, nutson ya ƙare.