Katangar Lambun Kakana da Makomar Ganuwarmu

Da na je Mawashi bayan damina, na tarar katangar lambun kakana ta zube, saura kusurwa ɗaya. Da tubali aka gina ta. Muna yara, da zarar ruwa ya ɗauke, sai a tara mu a kwaɓa ƙasa a yi mata yaɓe. Shekarar da aka daina yaɓen, a nan rushewarta ta soma. Wannan ya tuna mini da halin da ganuwar Katsina take ciki.

Mutane da dama sun ɗauka ganuwa garkuwar yaƙi ce kawai. A gaskiya ita ma katangar lambu ce, sai dai babba. Magabata sun kewaye fili mai faɗi, har da gonaki, rijiyoyi da lambuna, domin ko abokan gaba sun tsare ƙofofi, gari ya ci da kansa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14, ya kuma lura cewa gidaje ba su cika cikinta ba. Har yau ana noman rani a wajejen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi.

Doka kuwa akwai ta. Tun 1979 aka kafa hukumar kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa, kuma a 2007 ganuwar Kano ta shiga jerin wuraren da Najeriya ke nema wa amincewar UNESCO. Amma takarda ba ta yin yaɓe. Ruwan sama na ci, masu ɗibar ƙasa na haƙa, masu yanka fulotai na ƙarasawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina kira ga gwamnatin jiha da masarautar Katsina da su auna ragowar ganuwar, su shata mata iyaka, su hana gini a kanta, sannan su ware kuɗin yaɓe duk shekara. A damƙa aikin ga maginan gargajiya, tun da sauransu, su koya wa matasa. Ƙofar siminti mai fenti ba za ta maye gurbin ganuwa ba.

Ni dai na kira magini, za mu tayar da katangar kakana kafin ruwa ya sauka. Allah Ya sa masu iko su yi wa ganuwa haka.